Ido na Uku: Doguwar Waƙar Tool da Neman Faɗaɗa Hankali ta Hanyar Ƙwaya

 

  

Maganata a yau a kan waƙa ɗaya ce tak, ta wata ƙungiyar makaɗan Amurka mai suna Tool. Sunan waƙar "Third Eye", wato Ido na Uku. Ta fito a 1996, tsawonta minti 13 da daƙiƙa 47, kuma jigonta shi ne ƙwayoyi masu sa gane-gane da iƙirarin da ake yi cewa suna buɗe wa mutum hankali. Wani zai ce, malam, ina ruwanmu da kiɗan wasu can a Los Anjelis? Ruwanmu shi ne tambayar da waƙar ta ɗauko ta kowane ɗan Adam ce: me ya sa zuciya take dushewa, kuma ta yaya ake farkar da ita? Amsar da ake jingina wa waƙar kuwa tana cikin wayoyin 'ya'yanmu, ko mun saurara ko ba mu saurara ba.

Ga matsayina tun daga farko. Ƙishirwar da ke cikin waƙar nan ta gaskiya ce, bai kamata a yi mata dariya ba. Amma ƙwaya ba ta kashe wannan ƙishirwa, kuma babbar hujjata ita ce yadda aka gina waƙar kanta. Zan bi batutuwa shida.

Batu na farko: me ya sa waƙar ta yi tsawo haka?

Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, waƙar rok ba ta cika wuce minti uku ba, domin abin da gidajen rediyo ke so ke nan, kuma abin da ƙaramin faifan garmaho ke ɗauka ke nan. Daga baya wasu matasa a Ingila suka ga babban faifai yana ɗaukar kimanin minti 20 a kowace fuska, suka ce me zai hana a cika fuskar da waƙa guda? Suka aro tsari daga kiɗan gargajiyar Turai da na jaz, inda kiɗa ke da babi-babi, yana hawa yana sauka, yana sauya kari. A nan aka haifi reshen da ake kira furogiresif rok. Ƙungiyar King Crimson ta fitar da faifanta na farko a 1969. A 1972 ƙungiyar Yes ta cika fuskar faifai da waƙar "Close to the Edge" mai minti 18, a shekarar kuma Jethro Tull suka shimfiɗa waƙa ɗaya a fuska biyu, sama da minti 40.

Tsawon nan yana da aiki. Gajeriyar waƙa tana ba ka labarin wani yanayi, doguwa kuwa tana so ta saka ka cikin yanayin har ka manta da agogo. To mutumin da ya sha irin waɗannan ƙwayoyi, abu na farko da ke rikice masa shi ne lokaci. Shi ya sa waɗanda suka so su siffanta wannan hali da sauti suka ga doguwar waƙa ce ta dace da su.

Tool jikokin wannan gida ne. An kafa ƙungiyar a 1990, kuma mutum huɗu ne suka yi waƙar da muke magana a kai: Maynard James Keenan mai rerawa, Adam Jones mai jita, Justin Chancellor mai jitar bes, da Danny Carey mai ganguna. Waƙar ce ta rufe kundinsu mai suna Ænima.

Batu na biyu: ta ina ƙwayar ta shiga kiɗa?

Labarin ya faro ne a ɗakin bincike. A 1938, a birnin Basel na Suwizalan, wani masanin haɗa magunguna na kamfanin Sandoz mai suna Albert Hofmann yana aiki a kan wata fumfuna da ke kama hatsin Turai, sai ya haɗa sinadarin da aka sani da LSD. Aka ajiye shi shekara biyar. Ranar 19 ga Afrilu 1943 ya gwada shi a kansa, abin da bai wuce kashi ɗaya bisa huɗu na miligiram ba. Kafin ya isa gida a kan kekensa duniya ta juya masa. Kayan ɗakinsa suka riƙa sauya siffa, maƙwabciyar da ta kawo masa madara ya gan ta kamar mayya, ya ɗauka hauka ya yi ko mutuwa ce ta zo. Ku riƙe wannan, domin mutum na farko da ya shiga wannan ƙofa da gangan, da firgici ya fara cin karo.

Kamfanin ya riƙa raba maganin ga likitocin ƙwaƙwalwa don bincike. Hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ma ta gwada shi a kan mutane daga 1953, wasu ba da saninsu ba. A 1954 marubucin Ingila Aldous Huxley ya wallafa littafi a kan abin da ya gani bayan ya sha meskalin, sinadarin da ake samu a wani tsiro na Meziko. Sai Timothy Leary, malami a Jami'ar Harvard, ya fitar da maganar daga hannun likitoci ya kai ta dandali. Jami'ar ta sallame shi a 1963, ya koma mai kiran matasa su sha su farka.

Matasan kuwa a shirye suke su ji. Ana yaƙin Biyetnam, ana gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, sun daina yarda da maganar manyansu. Makaɗa suka rungumi abin, launinsa ya shiga sauti da zanen bangon faifai. Hukuma ta mayar da martani: jihar Kalifoniya ta haramta LSD a 1966, dokar tarayyar Amurka ta 1970 ta sanya shi a sahun farko na haramtattun ƙwayoyi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya da yarjejeniyar 1971. Hofmann da kansa, wanda ya rayu har shekara 102, ya rubuta littafi a 1979 yana kukan yadda abin da ya yi fatan zai zama magani ya koma kayan sharholiya.

Batu na uku: me ke cikin waƙar?

Bari in kai ku ciki, ba tare da na karanto muku baitinta ba. Tana buɗewa da sauti irin na bugun zuciya, a hankali. A kan bugun sai a ji muryar Bill Hicks, wani ɗan barkwancin Amurka mai kaifin harshe, wanda cutar daji ta kashe a 1994 yana da shekara 32. 'Yan ƙungiyar suna girmama shi, har suka sa hotonsa a cikin kundin. Maganganunsa uku suka ɗauko. A ta farko yana cewa makaɗan da suka daɗaɗa wa mutane rai a buge suka yi aikinsu. A ta biyu yana kwaikwayon mai karanta labarai yana ba da rahoton saurayin da ya sha ƙwaya ya gano cewa halitta duka abu guda ce. A ta uku yana cewa yaƙin da gwamnati ke yi da ƙwaya, a zahiri yaƙi ne da 'yancin mutum.

Daga nan ganguna suna shigowa, jita tana kuka can nesa, kiɗan yana taruwa kamar ba zai fara ba. Idan muryar Keenan ta shigo, sai ka ji abin da ba ka zata ba. Ba ya kirarin buguwa. Yana maganar ƙuruciya ne, da mafarki, da wata fuska da ya sani tun da daɗewa ta ɓace masa, da murnar sake ganinta. Mai sauraro zai fahimci cewa wanda aka yi kewar nan shi ne kansa, wato yaron da ya taɓa zama, mai kallon duniya da mamaki kafin gajiya da tsoro su rufe shi. Wane ne a cikinmu bai san wannan kewa ba? Wane ne bai taɓa tsayawa a tsakiyar hidimarsa ya ji kamar ya bar wani abu mai daraja a baya ba?

Shi kuwa ido na uku, tsohon tunani ne daga Indiya, inda mabiya addinin Hindu ke siffanta shi a tsakiyar goshi a matsayin idon da ke ganin abin da ya ɓuya. Wasu Turawa sun haɗa shi da wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, da masanin falsafa Descartes ya ɗauka shi ne mazaunin rai. Yau an san aikinsa shi ne fitar da sinadarin melatonin mai tsara barci.

Sai ƙarshen waƙar, kuma a nan nake so ku kasa kunne. Kiɗan yana lafawa har kusan shiru, sannan ya fashe. Mawaƙin yana kururuwa, ganguna na dukan kalma-kalma, kuma hoton da yake maimaitawa shi ne na mutum yana buɗe wannan ido da ƙarfin tsiya, kamar mai ɓalle abin da ya ƙi buɗuwa. Babu natsuwa a wurin, akwai zafi da gaggawa. Ina girmama waƙar saboda wannan, domin ba ta ɓoye cewa hanyar tana da ciwo ba.

Batu na huɗu: me masu bincike suka gano?

Adalci ya sa in faɗi abin da ya tabbata, ko da ya yi wa wasunmu nauyi. Waɗannan sinadarai suna manne wa wata kafa a ƙwaƙwalwa da sinadarin serotonin ke amfani da ita. A 2012 masu bincike a Imperial College ta Landan, ƙarƙashin Robin Carhart-Harris, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda aka ba silosaibin, sinadarin da ke cikin wata irin laimar kwaɗi. Suka ga sashen da ke riƙe wa mutum tunanin kansa, da labarin jiya da fargabar gobe, ya yi sanyi. Wannan ne ya sa mai sha ke jin iyakar da ke tsakaninsa da duniya ta narke. Kafin nan, a 2006, Roland Griffiths na Jami'ar Johns Hopkins ya gwada sinadarin a kan mutum 36, kuma kimanin kashi biyu bisa uku suka lissafa abin da suka ji cikin al'amura biyar mafi ma'ana a rayuwarsu. Daga Yulin 2023 ƙasar Ostireliya ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa su yi amfani da shi ga masu ciwon damuwar da ya gagari sauran magunguna.

To amma a wane yanayi? Ana tantance mutum tukuna. Duk wanda ke da tarihin taɓin hankali, shi ko danginsa na kusa, ba a ɗaukarsa, domin sinadarin na iya tayar da ciwon da ke kwance. Ana shirya shi kafin ranar, ƙwararru suna zaune kusa da shi tsawon sa'o'i, ana kuma bibiyarsa bayan nan. Wannan aikin asibiti ne. Ina alaƙarsa da yaron da ya haɗiye abin da bai san asalinsa ba a bayan kango?

Akwai kuma tambaya mafi zurfi. Jin cewa ka gano gaskiya, shi ne gano gaskiya? Masanin halayyar ɗan Adam William James ya shaƙi iskar da likitocin haƙori ke sa mutum maye da ita, a ƙarshen ƙarni na 19, yana rubuta abin da ke zuwa masa. A lokacin ji yake asirin duniya ya buɗe. Da ya wartsake ya duba takardar, sai ya tarar da kalmomi marasa kan gado. Ashe ƙwaƙwalwa tana iya ba ka ɗanɗanon yaƙini ba tare da ta ba ka ilimi ba. Kun san mangwaron da aka nuna da kabaid: launin nunanne ne a waje, amma in ka gatsa ba zaƙi, domin bai sha ranar da ya kamata ya sha a bishiya ba.

Batu na biyar: su wa suka biya kuɗin?

Hicks ya ce a buge aka yi manyan waƙoƙi. Bari mu auna. Syd Barrett shi ne jagoran ƙungiyar Pink Floyd na farko, shi ya rubuta mafi yawan faifansu na 1967, yaro mai baiwa ƙwarai. Ya yawaita shan LSD. Cikin watanni ya koma yana tsayawa a dandamali yana kaɗa tsirkiya ɗaya, ko ya tsaya kawai yana kallon sarari. A 1968 ya bar ƙungiyar. A 1975 abokansa suna ɗakin naɗar sauti na Abbey Road, suna kammala wata doguwar waƙa mai kusan minti 26 da suka yi don tunawa da shi, "Shine On You Crazy Diamond", sai wani mutum mai ƙiba, da askakken kai da askakkiyar gira, ya shigo ya zauna. Sun ɗauki lokaci ba su gane shi ba. Barrett ne, yana da shekara 29. Da suka gane shi, wasunsu suka fashe da kuka. Ya ƙare rayuwarsa a keɓe a Kambirij, ya rasu a 2006. Masana sun saɓa kan ko ƙwayar ce ta haddasa ciwon ko ta tayar da wanda ke kwance, amma ko wanne ne, baiwar ta riga ƙwayar zuwa, kuma bayan ƙwayar ba ta daɗe ba.

A ɗaya gefen, Frank Zappa a Amurka da Ian Anderson na Jethro Tull sun yi suna da ƙin ƙwaya, kuma suna cikin waɗanda suka fi kowa sarrafa kiɗa mai wuya a zamaninsu. Kun ga maganar Hicks ba ta game kowa ba.

Akwai kuma María Sabina, wata tsohuwa mai maganin gargajiya daga ƙabilar Mazatek a tsaunukan Meziko. A 1955 ta bar wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, ya halarci zaman da suke yi da laimar kwaɗi don neman waraka. A 1957 ya buga labarin a mujallar Life. Baƙi suka yi wa garinta tsinke, 'yan sanda suka sa mata ido, mutanen gari suka juya mata baya, har aka ƙone mata gida. Masu neman faɗaɗa hankali ba su hango halin da suka jefa wannan baiwar Allah ba. Wane irin buɗewar ido ne wanda ba ya ganin maƙwabci?

Inda Hicks yake da gaskiya, sai a ba shi. Dokar Amurka ta 1986 ta sa hukuncin nau'in hodar iblis da talakawa ke sha ya ninka na masu kuɗi sau 100 a ma'aunin nauyi, kuma baƙaƙen fata ne suka cika gidajen yari. Wannan zalunci ne. Sai dai zaluncin doka ba ya mayar da guba ta zama abinci.

Batu na shida: me waƙar ta koyar da mu ba da bakinta ba?

Ku ajiye kalmomin, ku dubi aikin. Minti 13 na kiɗa mai sauya kari, mutum huɗu suna shiga suna fita a daidai wuri ɗaya, ba wanda ya riga wani da ƙiftawar ido. Danny Carey ya karanci kiɗa a jami'a, ya kuma zauna gaban malami ya koyi gangar tabla ta Indiya. Adam Jones ya yi shekaru yana sana'ar ƙera siffofi a masana'antar fim kafin a san shi da jita. Ƙungiyar takan shafe shekaru tana sassaƙa kundi ɗaya: 1996, sai 2001, sai 2006, sai 2019. Ko da wani a cikinsu ya taɓa ganin wani abu a cikin maye, abin da ya isar da shi kunnenmu shi ne haƙuri da maimaici da hankali a farke. Mai sauraron da waƙar ta girgiza kuwa, bai haɗiyi komai ba. Natsuwa ya yi na minti 13, ya ba abu ɗaya dukkan hankalinsa. Wannan natsuwar ita ce ƙofar, kuma a hannunsa take.

Mu a nan ba baƙin wannan magana ba ne. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa kare hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare, kuma hukuncin duk abin da ke gusar da shi sananne ne. Sun kuma daɗe suna maganar idon basira, da yadda ake wanke shi da ilimi, da tsayuwar dare, da azumi, da tunani a kan halitta, da zama da na ƙwarai. Hanya ce mai tsawo, amma wanda ya bi ta yana dawowa gida da hankalinsa, iyalinsa su amfana. Sannu ba ta hana zuwa.

Mun kuma san ɗaya hanyar. Mun san abin da zaƙami ke yi wa yaro, yana tsintar abin da babu a ƙasa yana magana da wanda ba ya nan. Mun ga yadda kodin ya ci gidaje har gwamnati ta hana shi a 2018, kuma binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a shekarar ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Waɗannan ba irin sinadaran da waƙar ke magana a kai ba ne, amma ƙofar da ake shigowa ɗaya ce: zuciya ta yi nauyi, an ce ga abin da zai sauke ta yanzun nan.

Don haka roƙona biyu ne. Iyaye da malamai, idan yaro ya zo da irin wannan tambaya, ko kuka same shi yana sauraron irin wannan kiɗa, kada tsawa ta zama amsa ta farko. Ku tambaye shi me yake nema, domin wanda aka kora daga zaure, dila ne zai saurare shi. Wanda ya riga ya faɗa ciki kuma, majinyaci ne, a kai shi asibiti a rufa masa asiri. Ku kuma matasa, ku yi tambaya, ku yi karatu mai faɗi, ku nemi zurfi a komai. Amma hankalin da za ku yi wannan nema da shi guda ɗaya aka ba ku, kada ku sa shi a caca.

A nan zan dakata.  Allah Ya tsare mana hankulanmu da na zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya, ko ƙarin bayani, ko wanda yake ganin abin ta wata fuska dabam, bismillah, ina sauraro.